An narkar da matakan albashinmu zuwa rukuni huɗu: ina makomar ma'aikacin ofis?

Sakatariya, Tudun Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin albashi da na ma'aikata, musamman wanda ya taɓa ganin irin wannan sauyi da idonsa. Ina aiki a ofishin gudanarwa na wata cibiya mai zaman kanta a nan Zariya, bana shekarata goma sha uku a wurin, kuma tun ranar da aka ɗauke ni tsarin gwamnati aka kwaikwaya wajen biyanmu: mataki goma sha huɗu, kowane mataki da sitef-sitef ɗinsa, ƙarin sitef ɗaya kowace shekara, sannan jarrabawar ƙarin girma duk bayan shekara uku.

Ranar Talatar makon jiya aka tara mu a ɗakin taro, aka raba mana takarda shafi ɗaya mai gida huɗu, aka ce daga watan Janairu an soke matakan nan duka, an narkar da su zuwa rukuni huɗu masu faɗi. Na bi takardar da yatsa ina neman mataki na 8, inda nake a sitef na 6, ban gan shi ba. Abin da na gani shi ne an zuba mataki na 6 da na 7 da na 8 da na 9 a gida ɗaya, an sa masa suna Rukuni na Biyu, an rubuta cewa albashinsa ya fara daga naira 95,000 ya tsaya a naira 210,000, kuma duk wanda ke cikinsa sunan muƙaminsa Jami'in Gudanarwa. Ni a yanzu naira 148,000 nake karɓa, an kuma tabbatar mana cewa babu wanda za a rage wa ko kwabo.

Yaron da aka ɗauka shekara uku da suka wuce, wanda ni na koya masa yadda ake buɗe fayil da yadda ake rubuta bayanin taro, yanzu gidanmu ɗaya da shi a takardar, sunan muƙaminmu ma ɗaya. Ba hassada nake yi masa ba, yaro ne mai ladabi da son aiki, kuma ina yi masa fatan alheri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne baɗi ya kamata in zauna jarrabawar hawa mataki na 9, na kuwa daɗe ina lissafi a kanta, domin da wannan ƙarin na yi niyyar ɗaukar nauyin karatun babbar 'yata. Da na ɗaga hannu na tambayi makomar jarrabawar, sai aka ce mini daga yanzu babu ita, ƙwazo ne zai yi wa kowa magana, kuma shugaban sashe ne zai riƙa auna ƙwazon a ƙarshen kowace shekara.

To, ni aikina shi ne kada wasiƙa ta kwana ba a amsa ba, kada fayil ya ɓace, kada a shiga taro babu takardu. Idan na yi shi daidai babu wanda zai lura, sai ranar da na yi kuskure ne kowa zai san ina nan. Da wane ma'auni za a auna ƙwazon irin wannan aiki? Haka kuma alawus ɗin tafiya da iyakar rancen da muke iya karɓa a ƙungiyar adashin ma'aikata duk da mataki ake lissafa su, takardar kuwa ba ta ce komai a kansu ba. An ba mu mako biyu mu sa hannu a fom ɗin amincewa. Shin in sa, ko in dakata?

Tsohon jami'in mulki, Samaru

Wa alaikumus salam. 'Yata, na karanta bayaninki sau biyu, kuma na fahimci abin da ke damunki, domin na yi shekara 35 a ofishin mulki kafin in yi ritaya, rabin shekarun nan ina riƙe da fayilolin ma'aikata ne.

Tsanin da ake shirin ɗauke muku yana da asali. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji domin ya duba aikin gwamnati, ya miƙa rahotonsa a 1974, kuma daga nan ne aka tattara sikelin albashi barkatai da aka gada daga Turawa aka mayar da su mataki 17, daga 01 zuwa 17. Mutanen zamaninmu ariyas ɗin Udoji suka fi tunawa, da yadda kaya suka yi tsada a kasuwar Sabon Gari bayan an biya shi, amma abin da ya fi ariyas daɗewa shi ne tsanin kansa. Ko a 2007 da aka haɗe albashi da alawus-alawus aka fito da jadawalin albashi na CONPSS na ma'aikatan gwamnati, da CONTISS na ma'aikatan jami'a waɗanda ba malamai ba, mai mataki 15, ba a taɓa ƙashin bayan tsarin ba. Har gobe mai digiri a mataki na 08 yake shiga aikin gwamnatin tarayya, wanda ke mataki na 06 zuwa ƙasa yana jiran shekara biyu kafin ya nemi ƙarin girma, daga 07 zuwa 14 shekara uku, daga 15 zuwa sama shekara huɗu.

Na kawo wannan ne domin ki ga cewa mataki ba kuɗi kaɗai yake ɗauke da shi ba. Alkawari ne rubutacce tsakanin ma'aikaci da wurin aikinsa, cewa idan ka yi shekara kaza ba ka yi laifi ba, ka ci jarrabawa, kuma akwai gurbi, za ka hau. A kan wannan alkawari mutum yake tsara aurensa da gininsa da karatun 'ya'yansa, kamar yadda kika tsara na 'yarki. Sannan matsayi ne da kowa ya san fassararsa. Idan kika ce kina mataki na 9, manajan banki ya gane, mai gidan haya ya gane, wurin da za ki nemi aiki gobe ma ya gane. Idan kika ce kina Rukuni na Biyu, sai an tambaye ki ko ke ta ƙasa ce ko ta sama.

Game da awon ƙwazo kuwa, bari in ba ki labarin wani akawu da muka yi aiki tare a ɗakin ajiye fayil. Mutum ne marar magana, da sassafe yake zuwa a kan kekensa, ya jingine shi a bayan taga, ya ɗaura tsumma a hanci saboda ƙura. Idan ka ce masa kana neman fayil ɗin wani ma'aikaci da ya bar aiki shekara ashirin da suka wuce, ba zai buɗe rajista ba, zai tafi kai tsaye kan kanta ta uku, ya ɗaga ɗauri biyu, ya zaro maka shi. Shekara da shekaru ana cika masa fom ɗin APER, wato na auna aikin ma'aikaci a ƙarshen kowace shekara, da maki na tsaka-tsaki, saboda shugabansa bai taɓa ganin wani abin a-zo-a-gani daga gare shi ba. Sai shekarar da ya tafi aikin Hajji, muka yi kwana tara muna neman takardar kama aikin wani mamaci domin a biya iyalinsa haƙƙinsu, ba mu same ta ba sai da ya dawo. Wannan bawan Allah ya ci gaba da samun sitef ɗinsa kowace shekara, ya kuma hau matakansa, domin a tsohon tsari alƙalamin shugaba kashi ɗaya ne kawai cikin abin da ake dubawa, akwai shekaru, akwai jarrabawa, akwai kwamiti. Da a ce makin shugaba ne kaɗai ke kawo ƙari, da ya yi ritaya a inda ya fara.

Ban ce tsohon tsari ba shi da aibu ba. Na ga malalata da suka hau har mataki na 14 ba don komai ba sai don sun daɗe, na kuma ga haziƙai da suka bar aiki saboda an ce su jira shekara uku. Amma shawarata gare ki ita ce kada ki sa hannu a kan shafi ɗaya. Ki nemi a ba ki cikakken kundin sabon tsarin, a rubuce, ki ga ƙa'idar da za ta ɗaga mutum daga ƙasan rukuni zuwa samansa. Idan babu wannan kundi, to ba a gama tsarin ba tukuna.

Akanta, Sabon Gari

Malama, ina girmama maganar Baba, kuma na yarda da mafi yawanta, sai dai ina so in nuna miki ɗaya fuskar, domin na taɓa zama a teburin da ake tsara irin wannan abu, na kuma san abin da masu shi suke nema.

Faffaɗan rukunin albashi ba a nan aka ƙirƙiro shi ba. Gwamnatin Amurka tana da tsani mai mataki 15, kowanne da sitef 10, kuma a 1980 rundunar sojan ruwansu ta fara gwajin haɗe matakai a cibiyar bincikenta ta China Lake da ke Kalifoniya, domin ta iya riƙe injiniyoyi da masana kimiyya da kamfanoni ke janyewa. Daga baya manyan kamfanoni irin su General Electric suka rungumi salon lokacin da suke rage yawan shugabanni a tsakiya. Dalilinsu mai sauƙi ne. A tsarin matakai, ba ka iya ƙara wa mutum kuɗi mai tsoka sai ka sauya masa muƙami, shi ya sa ake ƙirƙiro muƙamai marasa aiki, kuma ba ka iya ɗauke ma'aikaci daga ofishin kuɗi zuwa ofishin kaya sai an yi gardamar ko an rage masa daraja. Idan rukuni ya yi faɗi, duk wannan ya wuce. Ki lura dai da cewa don injiniyoyi aka fara shi, mutanen da kasuwa ke zawarcinsu kuma ake iya ganin abin da suka ƙera. Ma'aikacin ofis ba haka yake ba, a nan ne kuma damuwarki take da tushe.

Su kansu Amurkawan ba ko'ina ya karɓe su ba. Ma'aikatar tsaronsu ta fara mayar da fararen hular ma'aikatanta kan irin wannan tsari a 2006, ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta ƙorafi a kan yadda ake ba da maki da yadda ake raba kuɗin, a 2009 majalisa ta soke shi, aka mayar da mutane kan tsohon tsani. A Ingila kuwa, da hukumar lafiyarsu ta NHS ta sake tsarin albashi a 2004 ta koma rukuni 9, sai da aka zauna da ƙungiyoyin ma'aikata aka auna kowane aiki da ma'auni 16, irin su ilimin da aikin ke buƙata da nauyin da ke kan mai yin sa, sannan aka bar matakalar ƙarin kuɗi a cikin kowane rukuni. Tsarin rukunan nan yana nan har yau.

Yanzu mu dawo kan lambobinki. Rukuninki daga 95,000 zuwa 210,000 ne, wato samansa ya ninka ƙasansa fiye da sau biyu, tsakiyarsa kuma 152,500. Ke kina 148,000, dab da tsakiyar. Wannan tsakiya ita ce abin da ya kamata ki sa wa ido, domin a wurare da yawa ita ake ɗauka a matsayin farashin aikin, wanda ke ƙasa da ita ana yi masa ƙari da sauri, wanda ya haye ta kuwa sai ƙarin ya riƙa raguwa. Saboda haka 210,000 da kika gani a takarda ba lallai ba ne a ce akwai hanyar da za ta kai ki can. Mu ɗauka za a riƙa ba ki kashi 3 cikin ɗari kowace shekara, wato 4,440 a shekarar farko. Sai kin yi kusan shekara 12 kafin ki taɓa saman rukunin. Idan kashi 5 ne, shekara bakwai da 'yan watanni. Ki ɗauko tsohon jadawalinku, ki lissafa abin da za ki samu cikin shekara shida masu zuwa da sitef da ƙarin girma biyu, ki aza shi kusa da wannan. Da wannan lissafi za ki shiga ofishin shugabanku, ba da ɓacin rai ba.

Abu na biyu shi ne fansho, kuma shi mutane suka fi mantawa. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10, kuma ba a lissafa su a kan abin da ya gaza jimillar ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan wajen sake tsarin aka rage waɗannan uku aka tura bambancin zuwa wani alawus na ƙwazo, kuɗin da zai shiga hannunki ba zai ragu ba, amma asusun fanshonki zai ragu. Misali, idan ɓangaren da ake lissafawa ya sauka daga 120,000 zuwa 90,000, abin da ke shiga asusun zai sauka daga 21,600 zuwa 16,200 a wata, asarar 64,800 ke nan a shekara. Ki nemi a ba ki samfurin takardar albashinki ta watan Janairu tun yanzu, ki gwada ta da ta wannan watan layi bayan layi.

Akawu, Wusasa

Hajiya, ni ina cikin waɗanda irin wannan sauyi ya amfana, kuma ina ganin rashin adalci ne in yi shiru. Da takardar sakandare na kama aiki, kuma a tsarin da muke bi layin akawu a mataki na 7 yake ƙarewa, kamar yadda yake a gwamnati. Na kai sitef na ƙarshe na zauna a nan shekara shida, babu sitef, babu ƙarin girma, alhali ni nake haɗa jadawalin albashin mutum fiye da ɗari a kwamfuta, ni nake koya wa masu digiri aikin idan an ɗauke su. Kowace shekara ana yaba mini a baki, ana cewa dokar mataki ce ta ɗaure hannunsu.

Da aka koma rukuni a wurinmu, rufin da ke kaina ya ɗaga, kuma cikin shekara biyu na samu ƙarin da ban gani ba a shekara shidan nan. Sai dai dole in faɗi gaskiya, shugabar sashenmu mace ce mai tsoron Allah, tana rubuta abin da kowa ya yi a littafi tun farkon shekara, tana kuma zama da kai ta karanta maka makinka kafin ta tura. A sashen da ke kusa da namu, inda shugaban bai damu da rubutu ba, abokaina suna nan inda suke, ɗaya daga cikinsu ma da yake tsohon albashinsa ya zarce saman rukunin da aka sa shi, an tsayar masa da ƙari cak har sai rukunin ya kamo shi. Tsari ɗaya, gini ɗaya, amma abin da kowa ya gani daban. Abin da zan ce miki shi ne tun yau ki buɗe littafi naki na kanki, ki riƙa rubuta yawan wasiƙun da suka bi ta hannunki, da tarukan da kika shirya, da waɗanda kika horar, har da wannan yaron da kika ambata.

Ɗan ƙungiyar ƙwadago, Kongo

'Yar'uwa, zan fara da waɗanda suka aiko mini da tambaya a gefe bayan sun karanta wannan, suna fargabar ko za a yi musu haka. Idan kana aiki a jami'a ko kwaleji ko asibitin gwamnatin tarayya, shugabannin wurin ba su da ikon sauya tsarin albashi da kansu, domin wannan aikin Hukumar Albashi ta Ƙasa ne, kuma ƙungiyoyin ma'aikatan da ba malamai ba irin su SSANU da NASU suna da bakin magana a kai. Matsalar ta ma'aikatan wurare masu zaman kansu ce, inda sau da yawa babu ƙungiya ko kaɗan.

Akwai abin da ba a taɓo ba, wanda a ganina ya fi komai cizo a ƙasar da farashi ba ya zama wuri ɗaya. Lokacin da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 30,000 a 2019, ƙungiyoyin ƙwadago sun yi watanni suna ja-in-ja da gwamnatin tarayya a kan abin da na sama za su samu, har a watan Oktoba aka daidaita: mataki na 07 kashi 23.2, na 08 kashi 20, na 09 kashi 19, daga 10 zuwa 14 kashi 16, daga 15 zuwa 17 kashi 14. Ba a ƙoshi ba, amma kowa ya samu wani abu, kuma an iya yin wannan ciniki ne saboda akwai matakan da za a rataya lambobin a kansu. A tsarin rukuni, idan doka ta tilasta ƙari, kamar yadda ta yi a watan Yulin 2024 da aka koma naira 70,000, abin da ya fi wa mai aiki sauƙi shi ne ya ɗaga ƙasan rukuni ya bar na tsakiya yadda suke. Idan aka yi haka sau biyu, yaron da kika horar zai zo dab da ke a albashi ba tare da ya yi wani abu ba, ke ma ba tare da kin yi laifi ba. Don haka ki nemi a rubuta cewa duk lokacin da aka ɗaga rukuni, za a ɗaga na cikinsa gwargwadon inda kowa yake, kuma a raba ƙarin tsadar rayuwa da ƙarin ƙwazo, kada a haɗa su a jaka ɗaya. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙididdigar hukuma. Wanda aka ba kashi 5 a irin wannan shekara da sunan ladan ƙwazo, a zahiri rage masa aka yi.

Ta fuskar doka kuwa, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, ya kuma sanar da shi a rubuce idan an sauya su. Sai dai ma'anar ma'aikaci a sashe na 91 na dokar ta ƙunshi masu aikin hannu da akawuna ne, ta fitar da masu riƙe da aikin gudanarwa da na ƙwararru. Ki lura da sabon sunan da aka ba ku, Jami'in Gudanarwa. Ban ce da wata manufa aka zaɓe shi ba, amma yana nufin takardar ɗaukarki aiki da kundin sharuɗɗan aiki su ne babbar garkuwarki. Idan kundin ya ce ana duba ƙarin girma duk shekara uku, wannan yana cikin yarjejeniyarku, kuma fom ɗin da aka ba ki shi ne zai nuna kin yarda a sauya ta. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kaduna, ita ke sauraron irin wannan saɓani, amma ba na fatan a kai can. Ku haɗu, ko ku goma ne, ku rubuta wasiƙa ɗaya cikin ladabi, kowa ya sa hannu, ku nemi a ƙara wa'adi kuma a amsa tambayoyinku a rubuce. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba ku 'yancin haɗuwa domin kare muradunku.

Sakatariya, Tudun Wada

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, labarin akawun nan ya sa na yi shiru na ɗan lokaci, domin muna da irinsa a ofishinmu, dattijo ne da ke kula da ɗakin kaya, shi ma Rukuni na Biyu aka sa shi, kuma saura shekara huɗu ya ajiye aiki.

Na yi lissafin da Malam Akanta ya ce. A tsohon jadawali, hawa mataki na 9 kaɗai zai ƙara mini fiye da abin da kashi 3 na shekara uku a jere zai ba ni, ban da sitef. Na kai wa abokan aikina lissafin, muka zauna bayan sallar Azahar ranar Alhamis, mu goma sha ɗaya, muka rubuta wasiƙa ɗaya. Mun nemi a ba mu kundin tsarin gaba ɗaya, a bayyana ma'aunin da za a auna aikin ofis da shi, a kafa kwamitin da mutum zai kai kuka idan bai yarda da makinsa ba, a kuma faɗi yadda za a yi da alawus ɗin tafiya da rance da kuɗin fansho. Yaron nan da na ambata shi ne ya buga wasiƙar, ya kuma roƙi a ƙara sakin layi ɗaya, cewa waɗanda ƙarin girmansu ya kama cikin shekara mai zuwa a bar su su zauna jarrabawarsu kafin a sanya su a rukuni. Ni ban yi tunanin wannan ba.

Jiya shugaban gudanarwa ya kira mu uku ofishinsa. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce an ɗage sa hannu zuwa ƙarshen wata mai zuwa, ya yarda za a ba kowa samfurin takardar albashinsa, ya kuma ce alawus ɗin tafiya zai tsaya yadda yake har a sake duba shi. A kan jarrabawa bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce zai kai maganar gaban hukumar gudanarwa. A kan ma'aunin ƙwazo kuwa ya faɗa mana gaskiya cewa ba a rubuta na ma'aikatan ofis ba tukuna, ya ce mu kawo namu daftarin cikin mako uku a duba.

Wannan ne ya sa na dawo da wata buƙata. Malam na Wusasa, idan babu damuwa, ina roƙon ka bayyana mana abubuwan da shugabarku take rubutawa a littafin nan nata, da yadda take auna aikin da ba a ƙidaya shi, kamar riƙe sirrin ofis da karɓar baƙi. Baba, kai ma idan kana tuna sassan fom ɗin APER da kake ganin sun yi wa akawu adalci, ka taimaka mana da su. Ranar Asabar za mu sake zama a gidan ɗaya daga cikinmu a Gyallesu domin fara rubuta daftarin.